Baƙin gindin tumatir: Abin da manoman Jega da Aliero za su koya daga masu noman fure

Idan sanyin hunturu ya fara ja da baya, zafin bazara ya kunno kai, manoman rani a Fagada da sauran garuruwan yankin Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi kan yi karo da wata matsala mai cin riba a ɓoye.

Tumatir ya yi kyau a ido, ganye kore shar, 'ya'ya sun yi yawa. Amma da an juya ɗan tumatirin, sai a tarar ƙasansa, wato wurin da fure ya bushe ya faɗi, ya yi baƙi ya lotsa, ya ƙeƙashe kamar tsohuwar fata. Haka abin yake a tattasai, a wasu lokutan har da kankana.

Abin da manomi kan fara yi shi ne garzayawa shagon maganin feshi, domin a ganinsa ƙwari ne ko wata cuta ta shigo gonar. Sai ya kashe kuɗi ya yi feshi, amma baƙin ya ci gaba da fitowa a sababbin 'ya'ya.

Masana aikin gona sun daɗe da gano cewa babu ƙwaro ko ƙwayar cuta a asalin wannan matsala. Abin da ke faruwa shi ne wani sinadari mai suna kalsiyam bai isa cikin ɗan tumatirin ba a lokacin da yake ƙarami yana girma da sauri.

Waɗanda suka fi kowa sanin halin wannan sinadari su ne masu noman furen sayarwa a ƙasashen Kenya da Habasha da Holand, waɗanda da yawansu ba sa ma shuka a ƙasa. Abin da suka koya da tsadar gaske zai iya yi wa mai fangali goma a fadamar Gulbin Zamfara amfani.

Mene ne aikin kalsiyam a jikin shuka?

Kalsiyam shi ne sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙorin ɗan Adam. Shi ne a ɓawon ƙwai, shi ne kuma a dutsen farar ƙasa da ake haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti da shi.

A jikin shuka ma aikinsa ya yi kama da na siminti. Jikin kowace shuka ƙananan ƙwayoyin halitta ne da aka jera kamar tubala, kalsiyam kuma shi ke haɗe su da juna, yana kuma ƙarfafa fatar da ta kewaye kowace ƙwaya. Idan ya yi ƙaranci a inda ake sabon gini, sai ƙwayoyin su fashe, ruwan cikinsu ya tsiyaye, wurin ya mutu ya yi baƙi.

Kalsiyam yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da sauran abincin shuka. Idan shuka ta rasa sinadarin naitirojin, irin wanda ke cikin takin yuriya, takan kwaso shi daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi. Shi ya sa ganyen ƙasa ke fara yin rawaya.

Shi kuwa kalsiyam, inda ya sauka nan zai zauna har shukar ta mutu. Ba ya barin tsohon ganye ya koma ɗan tumatir, komai tsananin buƙata. Don haka alamar rashinsa kullum a sabon tsiro take bayyana: ƙananan 'ya'ya, kan saiwa, da ganyen tsakiya na kabeji da latas, waɗanda gefensu kan ƙone kamar an kanga musu wuta.

Ruwa ne motarsa

Hanya ɗaya tak kalsiyam ke bi ya hau jikin shuka, ita ce ta ruwan da saiwa ke tsotsowa daga ƙasa.

Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake fitar da ruwa kamar gumi. Wannan gumin ne ke janyo wani ruwan daga ƙasa ya maye gurbinsa. Duk ɓangaren da ya fi yin gumi shi ya fi samun ruwa, shi ya fi samun kalsiyam.

Ganye na yin gumi sosai, ɗan tumatir kuwa kaɗan yake yi. A ranar da rana ta take, iska ta bushe, kamar yadda ake gani a Kebbi a watannin Maris da Afrilu inda zafi kan haura digiri 40, ganye ne ke kwashe mafi yawan ruwan. Abin da ya rage wa ɗan tumatir ƙalilan ne, shi ma sai ya ƙare kafin ya kai can ƙarshen gindinsa, wanda shi ne wuri mafi nisa daga inda ruwan ke shigowa.

Wannan ne ya sa dogon tumatir, irin su Roma da danginsa da manoman Arewa ke so saboda jure tafiya, ya fi zagayayye kamuwa da matsalar.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne makonni biyu zuwa uku na farko bayan fure ya zama ɗa. Idan ƙasa ta bushe a wannan tsakanin, ko da na 'yan kwanaki ne, ɓarnar ta riga ta auku, sai dai ba za a gan ta ba sai daga baya. Idan kuma aka zo aka malale fangalin da ruwa har ya kwanta, saiwa takan rasa iska ta kasa tsotsa, ɗan tumatirin kuma ya ƙara saurin kumbura, buƙatarsa ta ƙaru.

A taƙaice, sau da yawa ƙasar tana da isasshen kalsiyam. Isar da shi inda ake buƙata ne ke gagara.

Darasi daga bakin Tafkin Naibasha

A kewayen Tafkin Naibasha na ƙasar Kenya, da yankin Ziway na Habasha, akwai manyan rumfunan leda da ake noman furen wardi domin sayarwa a Turai. Ana yanke furen, a sanyaya shi, a kai shi filin jirgin sama, washegari ya sauka a Holand, inda babbar kasuwar gwanjon furanni ta garin Aalsmeer take. Daga can ake rarraba shi zuwa shaguna.

Furen da aka yanke ya rabu da saiwarsa, ba zai ƙara samun abinci ba. Duk ƙarfin da zai yi wannan doguwar tafiya da shi, ya kuma yi kimanin mako guda a cikin kwalbar ruwa a gidan wanda ya saya, dole ya same shi tun yana gona.

Abubuwa biyu ne suka fi tayar wa masu wannan sana'a hankali. Na farko wata funfuna ce mai launin toka da ke kama kunnuwan furen a cikin kwali, musamman idan akwai damshi. Bincike ya nuna cewa furen wardin da ya samu isasshen kalsiyam ya fi jure mata, domin bangon ƙwayoyin halittarsa ya fi wuyar hudawa. Na biyu shi ne lanƙwashewar wuya, inda sandar furen ke yin laushi a ƙasan kai sai ya sunkuya. Wannan ya fi addabar wani fure mai faɗin fuska da ake kira jabera, kuma ƙarfin sandar na da alaƙa da kalsiyam ɗin da ta samu.

Furen da ya sunkuya ko ya yi tabo ba shi da farashi. Shi ya sa manoman ba sa barin lamarin kalsiyam a hannun sa'a.

Da yawa daga cikin manyan gonakin suna dasa furen a cikin dogayen kwalaye ko jakunkuna da aka cika da gashin ɓawon kwakwa, ko tsakuwa mara nauyi ta dutse mai aman wuta. Waɗannan ba abinci ba ne, aikinsu riƙe saiwa da damshi kawai. Abincin duka a cikin ruwa ake narkar da shi, a tura ta siraran bututai yana ɗiga a gindin kowace shuka, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini.

Wannan salon noma ba sabo ba ne. Wani masani a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, shi ya yayata shi a shekarun 1930. Abokan aikinsa biyu, Dennis Hoagland da Daniel Arnon, sun fitar da wani haɗin ruwan taki a 1938 wanda har yau ake koyar da shi. A cikin haɗin nasu, kalsiyam ya kai miligiram 200 a kowace lita, kusan daidai da yawan naitirojin. Manoman rumfar leda na yau kan riƙe shi tsakanin miligiram 150 zuwa 200 a lita ga tumatir, suna ragewa ko ƙarawa gwargwadon irin shuka da yanayi.

Duk da wannan lissafi, su ma sukan ga alamun rashin kalsiyam, kuma a nan babban darasin yake. A Holand lokacin sanyi, idan rumfa ta cika da damshi, ganye ba ya gumi, ruwa ba ya hawa, sai sabon tsiro ya rasa kalsiyam alhali saiwa na jiƙe a cikinsa. Maganin da suke yi shi ne buɗe tagogi da kunna fanka domin iska ta motsa. A Kebbi matsalar ta zo ta ɗaya gefen, gumin ne ya yi yawa. Amma tushen ɗaya ne, wato tafiyar ruwa a jikin shuka.

Me ya sa suke ajiye tanki biyu?

Duk wanda ya shiga irin waɗannan gonaki zai ga tankunan taki aƙalla biyu, ba a haɗa abin da ke cikinsu. A ɗaya ake narkar da takin kalsiyam naitiret, wanda ke ɗauke da kimanin kashi 19 cikin 100 na kalsiyam da kashi 15.5 na naitirojin. A ɗayan kuma ake zuba takin da ke ɗauke da fosfet da salfet.

Dalili shi ne idan aka haɗa su da kauri a mazubi ɗaya, kalsiyam kan manne da waɗancan biyun su zama farin gari da ke kwantawa a ƙasan tanki. Shuka ba za ta amfana da shi ba, ga shi kuma yana toshe ƙofofin bututun ɗigo. Sai an tsarma kowanne da ruwa mai yawa, galibi ninki ɗari, sannan ake barin su su haɗu a hanyarsu ta zuwa gindin shuka.

Suna kuma auna tsamin ruwan kullum, su riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin da masana ke amfani da shi, tare da auna yawan gishirin da ke ciki. Ruwan da gishirinsa ya yi yawa yana wahalar da saiwa wajen tsotsa.

Wannan bayani ya shafi matasan da ke sha'awar noman rumfar leda da ban-ruwan ɗigo a Arewa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa ta IITA da ke Ibadan ta riga ta yi amfani da noman da ba ƙasa wajen yawaita irin doya, kuma ana samun masu noman tumatir da tattasai da kokwamba ta wannan hanya a sassan Najeriya.

Ga mai son farawa, matakin farko shi ne kai ruwan rijiyarsa ɗakin gwaji. Ruwan da ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi yana ɗauke da kalsiyam tun daga ƙasa, don haka takin da za a ƙara masa bai kai na ruwan gulbi ba. Buntun shinkafa, wanda ke jibge a bakin injinan casa na Kebbi, ana iya ƙona shi sama-sama a yi amfani da shi a madadin gashin kwakwa.

Tsadar mai ta shigo cikin lamarin

Noman rani a yankin Jega ya dogara ne da injin ban-ruwa, ko dai daga gulbi ko daga ƙananan rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa a fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ya ninka.

Dabarar da ta fi sauƙi ga manomin da aljihunsa ya yi rauni ita ce ya tsawaita kwanakin da ke tsakanin ban-ruwa, ranar da ya samu mai kuma ya cika fangali maƙil domin ya daɗe. Wannan bushewa da malalewa a jere ita ce ainihin abin da ke jawo baƙin gindi. Kuɗin da aka tsimi a gidan mai sai ya fita ta kwandon da dillali ya ƙi taya wa.

Asarar kuma takan faɗa kan 'ya'yan farko, waɗanda manomi ya sa wa rai zai biya bashin iri da taki da su.

Jega tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Yawuri da Kwantagora zuwa Kudu. Kayan gwarin da aka ɗora a mota a nan sai sun yi doguwar tafiya cikin zafi kafin su isa kasuwanni irin su Mile 12 a Legas. Tumatirin da ke da tabo a gindi, funfuna da ƙwayoyin cuta kan samu ƙofar shiga ta wurin, ya ruɓe ya shafi na kusa da shi. A nan halin tumatirin Kebbi da na furen Kenya ya zo ɗaya, kowanne sai ya yi tafiya da ƙarfin da ya tara a gona.

Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ke ƙara yaɗuwa a fadamun Arewa, yana da wata fa'ida a nan bayan sauƙin kuɗi. Mai shi zai iya ba da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ba tare da lissafin lita ba, wanda shi ne abin da shukar ke so.

Takin da ke hana wani taki aiki

Yawancin manoma sun saba da taki iri biyu, yuriya da NPK. Haruffan nan uku suna nufin naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Kalsiyam ba ya cikinsu, duk da cewa wasu masu haɗa takin a Najeriya kan cika buhu da ƙwayoyin dutsen farar ƙasa, waɗanda ba sa narkewa da wuri.

Yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin 100 na naitirojin. Idan aka zuba ta da yawa, tana cutarwa ta hanyoyi biyu. Tana sa ganye ya yi yawa ya yi faɗi, ganyen kuma su ne ke ƙwace wa 'ya'ya ruwa. Sannan a cikin ƙasa takan rikiɗe ta zama wani sinadari mai suna amoniyam, wanda ke gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. Fotashiyam da magniziyam ma idan suka yi yawa haka suke yi.

Masu noman fure sun san wannan sarai, shi ya sa amoniyam ɗin da suke sawa a ruwan takinsu ɗan kaɗan ne. Ga manomin fadama, abin yi shi ne ya raba yuriyarsa kashi-kashi maimakon zubawa a lokaci ɗaya, ya kuma sassauta hannu idan shuka ta fara fure.

Akwai takin da ke kawo kalsiyam cikin sauƙi. Takin sufa, wanda ake rubuta SSP a buhunsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa kalsiyam ne. Jifsam, wato farin dutsen da ake sarrafawa a yi adon silin na zamani, ana kuma zuba shi a siminti, yana da kalsiyam sama da kashi 20 cikin 100, kuma ba ya sauya tsamin ƙasa. Farar ƙasa da tokar itace su ma suna da shi, sai dai suna rage tsami, don haka a ƙasa mai tsami kawai suka dace. Idan aka lafta su inda ba a buƙata, sukan hana shuka samun wasu sinadaran irin su ƙarfe da zinki.

Takin gargajiya na dabbobi da ya ruɓe sosai yana taimakawa ta wata fuskar, domin yana sa ƙasa mai yashi ta riƙe damshi. Ɓawon ƙwai da ake yawan yayatawa a shafukan sada zumunta kuwa yana ɗaukar dogon lokaci kafin ya narke, ba zai ceci tumatirin bana ba. Kanwa kuma ba ta cikin lissafi ko kaɗan, gishirin da ke cikinta lalata ƙasa yake yi.

Batun feshin kalsiyam a ganye, wanda ake sayarwa a robobi, yana buƙatar taka-tsantsan. Tunda sinadarin ba ya tashi daga ganye ya koma ɗa, abin da ya sauka a ganye ya tsaya nan. Sai wanda ya taɓa jikin ƙananan 'ya'yan kai-tsaye ne zai iya yin ɗan tasiri, kuma feshin da aka yi da tsakar rana kan ƙona ganye. Feshi ba ya maye gurbin gyaran ban-ruwa.

Gyaɗa mai ɓawo ba ƙwaya

Matsalar ba ta tsaya ga manoman rani ba. A gonakin tudu masu yashi da ake noman gyaɗa da damina, rashin kalsiyam ne kan sa a tuge gyaɗa a ga ɓawo ya cika saiwa, a fasa a tarar fanko, ko ƙwayar ta motse.

Gyaɗa tana yin fure a sama, sannan ta tura wani siririn tsinke cikin ƙasa, a kansa ɓawon ke fitowa. Tunda ɓawon yana binne, ba ya gumi, don haka kusan babu kalsiyam ɗin da ke zuwa masa daga uwar shukar. Da kansa yake tsotsar nasa daga ƙasar da ta kewaye shi, wato ƙasar sama da zurfinta bai wuce tsawon yatsa ba. Idan wannan ƙasar ba ta da kalsiyam, ko ta bushe a lokacin da ƙwaya ke cika, an yi asara.

Wannan na cikin dalilan da suka sa malaman gona a Arewa suka daɗe suna ba da shawarar takin sufa ga gyaɗa. A Indiya da Amurka, manoman gyaɗa kan barbaɗa jifsam a gindin shuka lokacin da ta fara fure. A Indiya shawarar da aka saba bayarwa tana kamawa daga kilo 200 zuwa 500 a hekta, gwargwadon ƙasa. Gyaɗa mai manyan ƙwaya ta fi ƙanana buƙatarsa, haka kuma gyaɗar da za a ajiye domin iri, domin wadda ta rasa kalsiyam ba ta tsira da kyau.

Ina matsayin albasa?

Aliero da albasa aka san ta, kuma babban ƙalubalen manomanta shi ne ajiya. Albasar da aka cire a bazara ana jibge ta a rudu ana jiran farashi ya tashi, a wannan jiran ne ruɓa ke cin rabonta.

Kalsiyam na cikin abubuwan da ke sa albasa ta yi tauri, amma bai kamata a ɗora masa alhakin komai ba. Abubuwan da suka fi saurin ruɓar da albasa a ajiya su ne zuba yuriya a ƙurarren lokaci, wanda ke sa wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, da ci gaba da ban-ruwa har dab da cirewa, da rashin shanya ta yadda ya kamata, da raunin da take samu wajen kwasa. Yawan yuriyar da ke jawo baƙin gindi a tumatir shi ne dai ke rage wa albasa kwana a rudu.

Yadda za a gane matsalar da abin yi

Kafin a sayi magani, a duba ɗan tumatirin da kyau. Idan akwai ƙananan ramuka, ganye kuma ya yi fari-fari kamar an rarake cikinsa, wannan aikin tsutsar nan ce da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a 2016. Idan tabon fari ne kamar takarda, a gefen da ke kallon rana, ƙunar rana ce. Idan kuwa baƙi ne busasshe a daidai gindi, babu rami, to batun ruwa da kalsiyam ne, kuma ba ya yaɗuwa daga shuka zuwa shuka.

A tsinke waɗanda suka kamu tun suna ƙanana, domin ba za su warke ba, suna kuma cin rabon masu lafiya.

A daidaita ban-ruwa yadda ƙasa ba za ta ƙeƙashe ba, ba kuma za ta yi caɓi ba. Manomi zai iya tona ƙasar da yatsa ya dunƙula ta a hannu. Idan ta dunƙule ba ta ɗigar da ruwa ba, damshin ya yi daidai. Ƙasa mai yashi ta fi laka buƙatar a riƙa waiwayarta.

A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tattakar shinkafa a gindin shuka, tana rage bushewa da zafin ƙasa. A yi hattara da fartanya kusa da gindi, domin ƙananan saiwoyi masu laushi su ne ke tsotsar kalsiyam, su ne kuma noma mai zurfi ke yankewa.

Dashen wuri ma yana taimakawa. Tumatirin da ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya a cikin sanyin Disamba da Janairu ya fi wanda zai yi hakan a tsakiyar bazara tsira.

Game da sayen jifsam ko farar ƙasa, gwajin ƙasa ne zai nuna ko ana buƙata. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da tsangayar aikin gona da gonar koyarwa da bincike a Jega, kusa da manoman da abin ya shafa. Ƙungiyar manoma za ta iya haɗa kuɗi ta kai samfurin ƙasar fadamarta a auna, sakamakon ya amfani kowa. Lokacin yin hakan shi ne kafin a yi dashe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kasuwa na ƙara tsananta zaɓe. Kamfanin GBfoods ya kafa gona da masana'antar sarrafa tumatir a ƙaramar hukumar Ngaski da ke kudancin jihar, kuma duk mai sayen tumatir domin sarrafawa ko doguwar tafiya sai ya ware mai tabo.

A ɗaya ɓangaren kuma, yankin Sakkwato da ke maƙwabtaka da Kebbi yana da dutsen farar ƙasa da jifsam da fosfet a ƙarƙashin ƙasa. Mafi yawan farar ƙasar da ake haƙowa masana'antar siminti take tafiya. Idan masu haɗa taki da hukumomin aikin gona suka mayar da hankali wajen niƙa jifsam a zuba a ƙananan buhuna da manomi zai iya saye, manoman gyaɗa na tudu za su fi kowa cin moriya, tunda su ne ƙasarsu ta fi yiwuwar rasa sinadarin.

Ga manomin tumatir da tattasai a fadama kuwa, gyaran da ya fi sauri yana hannunsa tun a wannan kakar: ya rage yuriya idan fure ya fito, ya rufe gindin shuka da ciyawa, ya kuma raba man da yake da shi yadda fangali ba zai kwana biyu a bushe ba a makonnin da 'ya'ya ke ƙanana.